Rumbun kwamfutata ya fara ƙara: wane iri ya kamata in saya?

Baban Walida

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shawararku nake nema a kan abin da ya shafi hanyar abincina. Ina da ƙaramin shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki a Kano, kuma kwamfutar da nake aiki da ita Dell OptiPlex 7010 ce, doguwar nan da ake jinginawa a ƙarƙashin tebur, wadda na saya ta hannu shekara shida da suka wuce. Rumbun ajiyar da ke cikinta mai faifai ne, terabayit 1, shi ke ɗauke da Windows, shi ne kuma ke ɗauke da ayyukan mutane gaba ɗaya. Tun makon jiya ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana buga ƙaramin ƙarfe, sai kwamfutar ta sandare na kusan minti guda kafin ta farfaɗo. Jiya kuma bidiyon wani kamu ya ƙi buɗuwa, alhali kuwa ban riga na miƙa wa masu shi ba.

Na yanke shawarar sayen sabo, amma da na shiga kasuwa kowane mai shago da abin da yake faɗa mini: wannan ya ce SSD, wato rumbun da ba shi da faifai a ciki, wancan ya ce in sake sayen mai faifai babba, wani kuma ya zaro mini na hannu daga aljihun tebur ya rantse cewa lafiyarsa lau. Wane iri ya dace da aikina, mai girman nawa, kuma na wane kamfani?

Injiniya Bala

Wa alaikumus salam, Baban Walida. Kafin a zo maganar saye, ka daina aiki da wannan rumbun daga yau, ka nemi wani rumbu na waje ko da aro ne, ka kwashe ayyukan da ba ka miƙa ba tukuna, sannan ka bi da sauran gwargwadon muhimmancinsu. Ƙarar da kake ji ta allurar da ke karanta faifai ce: tana zuwa wurin da aka aike ta, ta kasa karantawa, ta koma mazauninta, ta sake fitowa, kuma duk lokacin da ta yi hakan tana iya ƙara ɓata fuskar faifan. Kada ka sa manhajar gyaran rumbu ko ta tsara fayiloli ta bi ta kansa a wannan hali, domin wahalar da za ta ba shi ita ce za ta ƙarasa shi. Idan ka gama kwashewa, ka saukar da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar rumbu, kyauta ce, ka gaya mana launin da ta nuna da kuma lambobin da ke gaban layukan 05, C5 da 09.

Abba

Yaya, ni a ganina zamanin mai faifai ya wuce. Ka sayi NVMe kawai, wato nau'in SSD mafi sauri, ka huta. Mai faifai da ƙyar yake wuce megabayit 200 a sakan, SSD na SATA, wanda ake haɗawa da waya irin ta mai faifai, yana tsayawa wajen 550, NVMe kuwa yana kai 3,500, sababbin ma har 7,000. Mai aikin bidiyo ba shi da abin da ya fi wannan.

Malama Hadiza

Abba, lambobin da ka kawo daidai ne, amma ba ka duba kwamfutar da ake magana a kanta ba. OptiPlex 7010 ta 2012 ce, kuma madabod ɗinta, wato babban allon da ke cikinta, ba shi da ramin M.2 da ake soka NVMe. Ana iya sayen ƙaramin kati a ɗora shi a ramin PCIe, zai kuma yi aiki a matsayin wurin ajiya, sai dai kwamfutar ba za ta tashi daga kansa ba sai an yi wa BIOS ɗinta, wato manhajar da ke tayar da ita, kwaskwarimar da kamfanin bai tanada ba, ni kuwa ba zan ba mutumin da ke ci da iyalinsa daga wannan na'ura shawarar ya shiga irin wannan kasada ba.

Abin da zai shiga ba tare da wata dabara ba shi ne SSD na SATA mai inci 2.5. Kuma kada a raina shi, domin saurin da mutum ke ji a jikinsa idan ya bar mai faifai ba daga yawan megabayit yake fitowa ba, daga lokacin nemo abu yake fitowa. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti, wato sau 120 a sakan, dole allura ta tafi layin da ake so sannan ta jira wurin ya zagayo, abin da ke cin kusan kashi 1 cikin 100 na sakan a kowane nema. SSD ba shi da abin da ke motsi, saboda haka yana yin wannan nema cikin lokacin da ya gaza haka kusan sau ɗari. Windows kuwa idan zai tashi dubban ƙananan fayiloli yake karantawa a warwatse, shi ya sa kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu ta koma tashi cikin sakan ashirin ko ƙasa da haka, ko da kuwa SSD ɗin na SATA ne.

Alhaji Ɗanjuma

Ku yi mini haƙuri, ni tsohon hannu ne, tun zamanin rumbu mai faffaɗar waya nake riƙe da shagon buga takardu. Ban musa saurin SSD ba, amma ku lura da abin da ya faru ga mai tambaya: rumbunsa ya yi masa gargaɗi, ya yi ƙara, ya ba shi mako guda ya shirya. Ni SSD ya taɓa mutu mini tsakanin Magariba da Isha'i, babu ƙara babu alama, na kunna kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba, kuma duk masu gyaran da na kai wa suka ce babu abin da za a ciro. Mai faifai ko ya lalace akan samu a tsamo wani abu daga cikinsa. Ga kuma tsada: kuɗin da zai saya maka terabayit 1 na SSD mai kyau, idan ka ɗan ƙara a kai, zai saya maka ninkinsa da yawa a mai faifai. Mai bidiyon biki wuri yake bukata, ba tsere zai shiga ba.

Injiniya Bala

Ranka ya daɗe, maganarka tana kan hanya ta fuska biyu, wato farashi da yadda SSD ke mutuwa ba sallama. Inda zan ɗan saɓa maka shi ne, mai faifai ma ba kullum yake gargaɗi ba. Na karɓi da dama waɗanda wuta ta ƙone musu allon da ke bayansu nan take, da waɗanda aka ture kwamfutar suna cikin juyawa allura ta karce faifai. Ciro bayanai daga irin waɗannan kuwa aiki ne na ɗaki na musamman marar ƙura, ba na teburin mai gyara ba, kuma kuɗinsa kan ninka kuɗin rumbun sau da yawa.

A ganina ma ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Doguwar 7010 tana da gurbin rumbu biyu da ramukan SATA huɗu, saboda haka Baban Walida ya raba aikin gida biyu: SSD mai gigabayit 500 ko terabayit 1 ya ɗauki Windows da manhajojin gyaran hoto da bikin da ake kan haɗawa, mai faifai babba kuma ya zama rumbun tsimi, inda za a juye duk aikin da aka kammala. SSD ɗin a soka wayarsa a ramin da aka rubuta SATA0, domin a wannan madabod ba duk ramukan ne ke da cikakken gudun SATA III ba. Za ka bukaci ƙarin wayar SATA guda ɗaya da ɗan maƙalin da ke riƙe mai inci 2.5 a gurbin mai inci 3.5, dukansu ba su da tsada.

Baban Walida

Allah ya saka muku da alheri. Na ari rumbun waje wurin maƙwabcina na kwashe ayyukan, sai fayil uku da suka ƙi kwafuwa, cikinsu har da bidiyon kamun nan, amma Allah ya taimake ni ban goge katin kyamarar ba. CrystalDiskInfo ta nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi. Layin 05 da na C5 duka akwai lambobi a gabansu, ba sifili ba ne, awannin aiki kuma sun haura 41,000. Na karɓi shawarar raba aiki biyu. Saura girman mai faifan: ina tunanin terabayit 2, tunda ninkin abin da nake da shi ne.

Malama Hadiza

Layin 05 yana ƙirga gurabun da suka lalace har rumbun ya maye su da na ajiyarsa, C5 kuma waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya ga abin da zai yi da su, kuma su ne suka riƙe maka fayilolin nan uku. Awa 41,000 ya haura shekara huɗu da rabi ana aiki dare da rana, don haka rumbun ya biya kuɗinsa.

Game da girma, kada ka auna da abin da kake da shi, ka auna da abin da kyamararka ke zubarwa. Bidiyon 1080p da ake ɗauka a megabit 50 a sakan yana cin kusan gigabayit 22 a awa guda, na 4K a megabit 100 kuma yana cin 45. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabayit 25 zuwa 30, wato hoto 1,000 ya tasam ma gigabayit 30. Idan ka haɗa kamu da ɗaurin aure da dina da buɗar kai, biki guda zai iya lashe gigabayit 150 cikin sauƙi, kenan terabayit 2 bai wuce biki goma sha uku ba, kuma ka san yadda bukukuwa ke cunkushewa kafin azumi da bayan salla. Ni terabayit 4 zan ce ka saya, domin yawanci kuɗin kowane terabayit ya fi sauƙi a kansa fiye da a kan mai 2.

Abu biyu za ka gani waɗanda kada su tayar maka da hankali. Windows zai nuna maka terabayit 3.63 maimakon 4, ba kuwa cuta aka yi maka ba: kamfanoni da dubu-dubu suke lissafi, Windows kuma da 1,024, shi ya sa tsohon naka ma yake nuna gigabayit 931. Sannan lokacin da za ka shirya sabon rumbun, Windows zai tambaye ka tsarin rabon rumbun, MBR ko GPT, to ka zaɓi GPT. Tsohon tsarin MBR ba ya iya ganin abin da ya wuce terabayit 2, kuma na ga mutane da yawa sun koma kasuwa da faɗa cewa an sayar musu da rabin rumbu, alhali zaɓin da suka danna ne ya ɓoye sauran.

Ɗan Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Ni aikina haɗa kyamarorin tsaro ne, kuma rumbun WD Purple na kamfanin Western Digital nake sakawa a na'urorin naɗa, suna aiki dare da rana cikin zafin Maraɗi shekara da shekaru. Me zai hana ya sayi irinsa, tunda shi ma bidiyo zai zuba?

Injiniya Bala

Zai yi aiki, Malam, babu abin da zai hana, sai dai an tsara Purple da SkyHawk na Seagate ne domin rubutun da ba ya yankewa daga kyamarori da yawa a lokaci guda, wanda ba shi ne yanayin aikin mai gyaran bidiyo ba. Idan shi aka samu sabo a farashi mai kyau ba zan hana ba, domin yana da wata siffa da nake so in tsaya a kanta, wato tsarin CMR, ita ce kuma mafi muhimmanci a duk wannan zance, ga shi masu shago ba su cika saninta ba.

Rumbu mai faifai iri biyu ne ta fuskar yadda yake jera layukan rubutu. A tsarin CMR kowane layi yana zaune a wurinsa, ba ya taɓa na kusa da shi. A tsarin SMR kuwa ana ɗora gefen kowane layi a kan wanda ya gabace shi, kamar yadda kafinta ke jera kwanon rufi, domin a cusa bayanai da yawa a faifai ɗaya a rage kuɗin ƙerawa. Karatu ba ya samun matsala. Matsalar tana wurin rubutu: kamar yadda ba za ka zare kwano ɗaya a tsakiyar rufi ba sai ka ɗaga na kusa da shi, haka rumbun ba zai canza layi ɗaya ba sai ya sake rubuta duk rukunin da ke tare da shi. Domin a ɓoye wannan rauni, ana ware wani yanki da ke karɓar rubutu da sauri, daga baya rumbun ya kwashe shi zuwa mazauninsa idan ya samu hutu. Mai ajiye takardu da 'yan hotuna ba zai taɓa lura ba. Wanda zai juye gigabayit 150 a zama ɗaya kuwa, musamman idan rumbun ya fara cika kuma ana yawan gogewa ana sake zubawa, zai ga gudu ya faro lafiya sannan ya faɗo ƙasa warwas, har ya zaci rumbun ya lalace.

A 2020 an yi babbar hayaniya a kan wannan, lokacin da masu saye suka gano cewa wasu WD Red masu terabayit 2 zuwa 6 SMR ne ba tare da an rubuta a kwali ba, abin da ya sa Western Digital ta fito da sunan Red Plus domin masu CMR, Seagate da Toshiba su ma suka wallafa jerin nasu. Saboda haka launi ko suna bai isa ba, lambar samfuri ake dubawa. WD40EFAX SMR ne, WD40EFRX kuwa CMR ne, harafi ɗaya ne ya raba su. BarraCuda na Seagate mai terabayit 4, ST4000DM004, wanda ya fi yawa a kasuwa saboda arha, SMR ne. IronWolf na Seagate da Red Plus CMR ne, garantinsu kuma shekara 3, yayin da BarraCuda da WD Blue ke da shekara 2. Ka ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan rumbun, ka nemi lambar a shafin kamfanin kafin ka biya.

Abba

Injiniya, to batun gudun juyawa fa? Ai mai 7,200 ya fi mai 5,400.

Injiniya Bala

Ya fi shi sauri, ya kuma fi shi zafi da ƙara da shan wuta. Da shi ne zai ɗauki Windows da na nace a kan 7,200, amma tunda SSD ya ɗauke wannan nauyi, rumbun tsimi mai 5,400 ya wadatar, kuma a shagon da ba ya samun na'urar sanyaya ɗaki a watan Afrilu rashin zafin nan riba ce.

Alhaji Ɗanjuma

Na ji bayanin kwanon rufi kuma na ƙaru. Amma har yanzu ba a amsa masa tambayar kamfani ba. Mu a da muna da zaɓi: Maxtor, Samsung, Hitachi, Fujitsu. Ni Hitachi na fi yarda da shi, har yau akwai ɗaya a shagona da ke aiki.

Malama Hadiza

Alhaji, duk waɗanda ka lissafa an haɗiye su. Seagate ta sayi Maxtor a 2006, ta karɓi sashen rumbun Samsung a 2011. Toshiba ta ɗauki na Fujitsu a 2009. Western Digital kuma ta sayi na Hitachi a 2012. Yau kamfani uku ne kawai ke ƙera rumbu mai faifai a duniya, saboda haka duk wanda ya nuna maka sabo fil mai wani suna na daban, ko mai farar takarda marar suna, to ɗayan ukun nan ne ya ƙera shi, galibi kuma tsoho ne aka sake wa riga.

Wanne ya fi ƙarko kuwa, akwai kamfanin ajiyar bayanai a Amurka mai suna Backblaze da ke wallafa alƙaluman mutuwar rumbunansa tun 2013, kuma yanzu suna da fiye da 200,000 suna juyawa. Abin da ke fitowa daga rahotanninsu shi ne, a jimlace tsakanin 1 zuwa 2 cikin 100 ke mutuwa a shekara, bambanci kuma tsakanin samfuri da samfuri yake, har a cikin kamfani ɗaya. Seagate ɗin da ta yi ST3000DM001 mai terabayit 3, wanda ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa, ita ce ta yi wasu samfuran da suka daɗe suna aiki a wurinsu. Sai dai a tuna cewa nasu suna zaune ne a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa, yanayin da ba shi da alaƙa da shagon Baban Walida.

Baban Walida

To ga wata sabuwa. Na koma kasuwa da yamma, sai wani ya nuna mini mai terabayit 4 irin na manyan kamfanoni, ya ce daga Turai aka kwaso su, kuɗinsa bai kai rabin sabo ba. Ya haɗa shi da kwamfutarsa a gabana, CrystalDiskInfo ta nuna shuɗi, alamar lafiya, awannin aiki kuma ba su kai 50 ba. Gaskiya raina ya biya.

Abba

Idan manhajar ta nuna shuɗi kuma awannin ba su da yawa, ai wannan garaɓasa ce, Yaya.

Injiniya Bala

Ƙanena, a nan ne ake kama mutane. Lambobin SMART da manhajar ke karantawa, wato bayanan lafiya da rumbun ke ajiyewa a kan kansa, ana iya goge su a mayar da su sifili, kamar yadda ake juya mitar mota. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise a Jamus ta bankaɗo yadda aka riƙa sayar da rumbunan Seagate Exos a matsayin sababbi ta hannun dillalai daban-daban, alhali sun yi dubban awanni suna aiki, kuma an gano hakan ne saboda rumbunan Seagate suna da wani kundi na biyu mai suna FARM, wanda manhajar smartmontools ke iya karantawa, shi kuwa masu gogewar ba su taɓa shi ba a lokacin. Idan aka yi wa masu saye a Jamus haka, mu da kaya ke iso mana bayan sun bi hannu biyar sai mu ƙara buɗe ido.

Baban Walida, ka tambayi kanka: rumbun da aka kwaso daga ɗakin manyan kwamfutoci, ta yaya zai kasance bai yi awa 50 ba? Ka duba shekarar ƙerawa a takardar bayansa, ka duba ramukan kusoshi ko akwai sawun ɗauri, ka duba bakin da ake soka waya ko ya goge. Ka kwatanta lambar siriyal da ke takarda da wadda manhajar ta nuna, sannan ka shigar da ita a shafin duba garanti na kamfanin. Ban haramta na hannu ba. Ina saka su a kwamfutocin koyon yara da na wasanni, inda ko sun mutu ba wanda zai yi kuka. Amma bikin 'yar mutane sau ɗaya ake yin sa.

Haka zancen yake ga SSD. Kasuwa cike take da masu sunayen da ba a san su ba, wasu ma an yi musu dabara suna nuna terabayit 1 alhali abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, sai ka zuba kaya su wuce iyaka sannan fayiloli su fara lalacewa. Manhajar H2testw tana cika rumbun ta sake karantawa, ita ke tona irin wannan. Ka tsaya a kan sanannun suna. Samsung 870 EVO, misali, garantinsa shekara 5 ne, kuma mai gigabayit 500 an yi masa alkawarin rubutun terabayit 300, wanda ko kana zuba gigabayit 50 kullum sai ka yi fiye da shekara 16 kafin ka cinye shi.

Ɗan Maraɗi

Ina so in ƙara batun wuta, domin a aikina ita ta fi kashe rumbu, ba tsufa ba. Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu tana lalata fayil, dawowarta da ƙarfi ko canjin da ake yi zuwa janareta kuma yana ƙona allon rumbun. Mai inci 3.5 yana shan bolt 12 da bolt 5 daga akwatin wutar kwamfuta, kuma akwatin da ya shekara goma yana shan wahala ba lalle ne yana ba da su daidai ba, don haka a sa mai gyara ya auna shi. Idan babu UPS a shagon, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ni da zan rage girman SSD zuwa 500 in sa ragowar kuɗin a UPS. Sannan a buɗe kwamfutar a hure ƙurar hunturu daga fankoki, a kuma ɗaga ta daga ƙasa. Yawancin rumbuna iyakar zafin da aka rubuta musu digiri 60 ne, amma ni idan na ga ya haura 45 ina ƙara fanka.

Malama Hadiza

Akwai giɓi a wannan tsari da muka shimfiɗa, kuma Alhaji ya taɓo shi tun farko. Idan aka gama aiki aka juye shi a mai terabayit 4 aka goge daga SSD da katin kyamara, to kwafi ɗaya ne ya rage a duniya, wato an koma inda aka fito, sai dai asarar ta ninka huɗu. Rumbu biyu a cikin akwati ɗaya kuma tsawa ɗaya ko ɓarawo ɗaya ke tafiya da su. Ƙa'idar da masu wannan fanni ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Na san ɗora gigabayit 150 a intanet da kuɗin data na yanzu ba abu ne mai yiwuwa ba ga ƙaramin shago, amma rumbun waje da za a riƙa kwafa a kansa duk Juma'a a tafi da shi gida yana yiwuwa.

Alhaji Ɗanjuma

Malama, kuna ta ƙara masa kaya: SSD, mai faifai, UPS, ga kuma rumbun waje. Mutumin nan rumbu ɗaya ya fito saye.

Malama Hadiza

Gaskiya ne, Alhaji, ba kuma lalle ne a saye su rana ɗaya ba. Idan kuɗin bai kai ba, ni zan jera su haka: mai faifai na CMR da rumbun waje su ne farko, domin su ke tsare amanar mutane, UPS ya biyo baya, SSD kuma ya zo ƙarshe, tunda rashinsa jinkiri kawai yake jawowa.

Injiniya Bala

A nan na ɗan bambanta da Malama. Idan aka jinkirta SSD, dole a ɗora Windows a kan mai terabayit 4, a sake haɗa tsarin aiki da ajiya wuri ɗaya, sannan a sake wahalar raba su daga baya. SSD mai 500 shi ne mafi arha a cikin kayan huɗu, don haka a fara da shi tare da mai faifan, a ci gaba da riƙe rumbun maƙwabci na 'yan makonni idan zai yi haƙuri. Kuma kada a kwafi tsohon rumbun ɗungurungum zuwa sabo da Clonezilla ko makamanciyarta, domin rumbu mai gurabun da ba sa karantuwa zai iya tsayar da aikin a tsakiya ko ya kwaso lalatattun fayilolin Windows. A cire tsohon, a saka SSD shi kaɗai, a ɗora Windows sabo, sai an gama sannan a haɗa mai faifan. Ka kuma sani cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, wannan kwamfuta kuma ba ta cikin waɗanda Windows 11 ya amince da su, don haka nan gaba za ka canza ta. Rumbunan biyu duka SATA ne, za su bi ka zuwa sabuwar.

Baban Walida

Na dawo da rahoto. Na bar na Turan nan, domin da na duba takardar bayansa na ga 2017 aka ƙera shi, ramukan kusoshinsa kuma duk sun yi sawu. Na sayi SSD mai gigabayit 500 da mai faifai terabayit 4 na CMR a cikin ledarsa da ba a farke ba, na shigar da lambobinsu a shafukan kamfanonin tun ina tsaye a shagon, na kuma sa mai shagon ya rubuta lambar siriyal a kan rasit. Na zaɓi GPT, ya nuna 3.63 kamar yadda Malama ta faɗa. Na yi masa cikakken fomat maimakon na gaggawa, ya kwana yana yi, da safe layukan 05 da C5 duka sifili ne, zafinsa kuma 39 da fanka a kansa. UPS ɗina na da yana nan, batirinsa kawai na canza. Rumbun waje sai bayan bikin da zan ɗauka ranar Asabar, maƙwabcina ya ce in riƙe nasa zuwa lokacin.

Injiniya, tsohon rumbun fa? Wani yaro a kasuwa ya ce zai saya.

Injiniya Bala

Kada ka sayar masa. Hotunan matan mutane ne a ciki, kuma rumbun da ke ƙara ba zai bari a goge shi yadda ya kamata ba. Ka ajiye shi a aljihun tebur wata ɗaya ko biyu har ka tabbatar babu abin da ka manta a kansa, sannan ka kwance murfin ka fasa faifan da guduma.